Yaushe Mai Raino Za Ta Ce Yaro Ya Zauna a Gida?

A Kano da Kaduna da Zariya da Abuja, har da garuruwan da ba su kai su girma ba, sana'ar rainon yara a gida ta zauna da gindinta. Malamar makaranta, nas, ma'aikaciyar banki, ɗalibar jami'a, kowacce kan biya da safe ta ajiye ɗanta wurin wata mata a unguwa, ta dawo bayan la'asar ta ɗauka. Mai rainon kan tara yara biyar, takwas, wani lokacin har goma a falo ɗaya da tsakar gida ɗaya, ga kuma nata 'ya'yan. Dokar ƙwadago ta Nijeriya hutun mako 12 ta tanadar wa mai haihuwa, shi ya sa za ki ga jariri ɗan wata uku ko huɗu kwance a gefe, ɗan shekara biyu kuma yana kewaya shi da majina a hanci, duk abin da ya tsinta sai ya kai baki.

Wadda ta taɓa wannan sana'a ta san wankin kashi da rarrashin mai kuka ba su ne wahalarta ba. Wahalar tana bakin ƙofa da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da uwa ta kwanto goyo ta miƙo miki yaro jikinsa rau, ta ce, "Anti, ki yi mini rai, yau ba ni da halin fashi. Na ba shi magani, yanzu zai sauka." Kin san halin da take ciki, kin san shugabanta a wurin aiki ba ya jin uzuri, kuma kuɗinta na ƙarshen wata yana cikin lissafinki. Sai kunya ta rufe miki baki ki karɓa. Bayan kwana uku yara huɗu suna gudawa, har da jaririyar da ba ta cika wata biyar ba, iyayensu kuwa ba wadda za su tuhuma sai ke.

Saboda haka ba a bakin ƙofa ake yanke wannan shawara ba. Tun ranar da aka fara kawo yaro ake yanke ta, lokacin da kowa yake lafiya, ba mai sauri, ba mai fushi. Amma kafin ki kafa wa iyaye sharaɗi, sai ke kin san wane ciwo ne ke sa a mayar da yaro, wane ne ba ya sawa. Mai rainon da ke kiran uwa a kan kowace atishawa tana cutar da iyaye a banza, kuma ba za a daɗe ba su kwashe 'ya'yansu. Wadda ba ta mayar da kowa kuwa, wata rana ciwon da ya fi ƙarfinta zai shigo mata gida.

Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, wadda ta daɗe tana fitar da ƙa'idojin gidajen raino, ta tattara maganar a kan tambayoyi uku, kuma a ganina sun dace da mu ba sai an yi musu kwaskwarima ba. Ciwon ya hana yaron wasa da cin abinci kamar yadda ya saba? Kula da shi zai cinye hankalinki har ki bar sauran? Abin da ke damunsa cuta ce mai yaɗuwa kuma mai illa? In ɗaya daga ciki ta tabbata, gida ya kamace shi. Ta biyun ta fi nauyi a wurinki fiye da a babbar makaranta, domin ke kaɗai ce. In kina riƙe da mai amai a bakin rariya, wa yake kallon mai rarrafen da ya nufi bokitin ruwa?

Dubawar safe

Ki mayar da ita al'ada ga kowane yaro, kowace rana, kafin uwa ta juya, don kada wata ta ga kamar ɗanta kaɗai ake bincike. Ba ta wuce minti ɗaya. Ki taɓa wuyansa da bayan hannu, ki dubi idanunsa, ki ɗaga riga ki ga ciki da gadon baya, ki leƙa bayan kunne, ki saurari numfashinsa. Kina yi kina tambaya cikin fara'a: "Ya ya kwana? Ya ci abinci? Kashinsa fa? An ba shi wani magani da safen nan?" Tambayar ƙarshen ita ce mai muhimmanci. Farasitamol kan danne zazzaɓi na awa huɗu zuwa shida, don haka yaron da aka ba shi da asuba zai iso miki jiki sanyi ƙalau, kafin azahar zazzaɓin ya dawo, uwar kuma tana can wani gefen gari.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, irin mai nuna lamba, ki daina dogara da tafin hannu. A watan Maris da Afrilu yaron da aka sauko da shi daga baya, ƙarƙashin hijabi, dole ya yi zafi. Ki bar shi ya sha iska a inuwa kamar minti goma sha biyar, ki goge masa hammata, ki sa ma'aunin ki danne hannunsa har ya yi ƙara. Ma'aikatan lafiya suna fara lissafa zazzaɓi daga 37.5 in a hammata aka auna. In ya kai 38, babu sauran musu. Amfanin ma'auni bai tsaya a nan ba: yana raba ki da gardama. "Na ji kamar jikinsa da zafi" magana ce da uwa za ta iya ja, lamba kuwa ke da ita kuke ganinta tare.

Zazzaɓi

Yaron da ke da zazzaɓi kuma ya yi laushi, ya ƙi abinci, ko yana ta kuka ba dalili, a koma da shi. Zai dawo bayan ya yi awa 24 cur babu zazzaɓi, kuma ba magani ne ya danne shi ba. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da zarar ya kai 38 asibiti za a nufa nan take, ko yana murmushi, domin a wannan shekarun ƙwayar cuta kan shiga jini ba tare da wata alama ba. Haka ma yaro mai sikila: zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne har uwa ta tashi daga aiki.

Za ki sha jin "ai maleriya ce." Sau da yawa ita ce ɗin, kuma gaskiya ne ba a ɗaukarta daga yaro zuwa yaro, sai ta cizon sauro. Matsalar ita ce ƙyanda da sanƙarau da taifod duk da zazzaɓi suke fara sallama. Ki nemi a yi gwaji, wanda ake yi da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti ashirin. In maleriyar ce, da zarar zazzaɓi ya tafi ƙarfinsa ya dawo, ki karɓe shi.

Gudawa da amai

A nan gidajen raino suka fi faɗuwa, kuma dalili ɗaya ne: an yarda cewa haƙori ne. Kusan duk uwar da ɗanta ke tsakanin wata shida da shekara biyu, in ya fara zawo, abin da za ta ce ke nan, kakarsa ma ta goya mata baya. Fitowar haƙori kan sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima. Ba ta sa kashi ya zama ruwa sau biyar a wuni, ba ta kawo amai, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da fara cin abinci, yaro yana kai komai baki, sai ƙwayar cuta ta samu hanya. Wannan ƙwaya kuma tana cikin kashinsa, daga nan ta hau hannunki, ta hau ledar ɗaki, ta hau fo, ta hau cokalin da za ki ba na gaba kunu.

Ki mayar da yaro in kashin ya tsinke har yana tsallake kunzugu ko famfas, ko wanda ya iya fo ya kasa riƙewa yana ɓata wando, ko ya yi fiye da yadda ya saba da sau biyu ko sama. In da jini ko majina a ciki, asibiti ne kai tsaye. Amai sau biyu cikin awa 24 shi ma ya isa. Ki lura da bambanci a nan: tumbuɗin jariri bayan shan nono ba amai ba ne, kuma jaririn da nonon uwa kaɗai yake sha kashinsa dama mai laushi ne, ruwan ɗorawa, yana iya yi sau da yawa. Abin dubawa shi ne canji daga yadda ya saba.

Game da ranar dawowa, hukumomin lafiya na Ingila sun tsaya a kan awa 48 daga kashin ruwa ko aman ƙarshe. Wasu ƙa'idojin sun fi haka sassauci, amma ni wannan nake goyon baya a gidajenmu, inda ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, yara kuma a ƙasa ɗaya suke wasa suke cin abinci. Kwana biyu da nauyi a wurin ma'aikaciya, na sani. Sai dai in aka karɓi yaro da wuri ya zuba wa sauran, iyaye biyar ne za su yi fashin, maimakon ɗaya.

Kafin uwa ta iso, kada ki bar shi haka. Ki ajiye ƙunshin gishiri da sukari na kemis a gida kullum, ki haɗa shi yadda aka rubuta a jiki da ruwan da aka tafasa ya huce, ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. In ya amayar, ki jira minti goma ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A asibiti za su ƙara masa ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In kuwa idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka ba hawaye, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, ruwan jikinsa ya ƙare, kada ki jira kowa. Da damina kuma, kashin da ke zuba fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, a ɗauke shi a matsayin kwalara har sai likita ya ce ba ita ba ce. Tana iya kashe yaro cikin awoyi.

Ƙyanda da ƙarambau

Babu cutar da ta kamata mai raino ta ji tsoro kamar ƙyanda. A iska take tafiya, tana iya zama a ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma a cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da mai ita, tara sukan kamu. Allurarta ta farko sai yaro ya cika wata tara ake yi, ta biyu a wata goma sha biyar. Ma'ana duk jaririn da ke hannunki ƙasa da wata tara ba shi da wannan kariya, kuma su ne ta fi yi wa ɓarna: ciwon huhu, gudawa mai tsanani, makanta, wani lokacin rasa rai.

Abin da ya sa take shammatar mutane shi ne tana fara yaɗuwa kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. A waɗannan kwanaki kamar mura take: zazzaɓi mai zafi, tari, majina, idanu jajur suna hawaye, yaro yana gudun haske. In kin ga waɗannan huɗun sun haɗu a jikin yaro ɗaya, musamman da rani lokacin da ta fi tashi, kada ki jira ƙuraje, ki ware shi ki kira uwarsa. In kin buɗe bakinsa, wani lokacin za ki ga 'yan ɗige-ɗige farare ƙanana a cikin kumatu, daura da turame. Ƙurajen kansu daga bayan kunne da goshi suke farawa, su gangaro fuska da wuya da ƙirji. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, sai dai ki shafa ki ji fatar ta yi rudu-rudu.

Mai ƙyanda zai zauna a gida aƙalla kwana huɗu cikakku bayan fitowar ƙuraje, kuma sai ya murmure. A ranar da aka tabbatar, ki sanar da dukan iyaye, kada ki kwana da maganar. Allurar ƙyanda in aka yi ta cikin awa 72 da haɗuwa da mai cutar tana iya hana ta ko ta rage ƙarfinta, don haka kowace rana da kika ɓoye, dama ce kika ƙwace wa wani yaro. A kai waɗanda ba a yi musu ba asibiti, ma'aikatan lafiya su duba abin da ya dace da shekarunsu. Daga nan ki sa ido a kan sauran har kwana 21. Har yau akwai gidajen da ake cewa ba a kai mai ƙyanda asibiti, a kulle shi a ɗaki a hana shi wanka. Ki faɗa wa uwa cikin ladabi cewa a asibiti ne ake ba shi sinadarin bitamin A da ke kare masa ido, a kuma duba huhunsa.

Ƙarambau ta fi sauƙi a yawancin yara, amma ita ma saurin yaɗuwa gare ta, kuma allurarta ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi kyauta. Ƙurajenta ruwa suke ɗurowa, suna ƙaiƙayi, suna fitowa rukuni-rukuni. Ba a ƙirga mata kwana kaɗai: sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, wanda yakan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. Ki duba da idonki har cikin gashin kai kafin ki karɓa. Ki sanar da duk mai juna biyu da ke shigowa gidanki, domin tana iya yi mata illa ita da abin da ke cikinta, kuma kada a ba mai ƙarambau asfirin. Bayan kwana 10 zuwa 21 ki sa ran ganin wani yaron ya kamu.

Hangum, mai kumbura gefen muƙamuƙi ƙarƙashin kunne, kwana biyar ne daga ranar da kumburin ya fara.

Waɗanda ba a jira da su

Tun daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta dawo da ƙarfi a arewacin Nijeriya. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ta kuma taɓa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, ta tsallaka har yankin Damagaram a Nijar. Yawancin yaran da ta kama ba su kammala rigakafi ba. Alamarta ciwon maƙogwaro, zazzaɓin da bai cika zafi ba, wahalar haɗiya, kumburin wuya, da wata fata-fata mai ruwan toka da ke manne a can cikin maƙogwaro. Kada ki yi ƙoƙarin kankare ta, kada a kai shi wurin wanzami a ce beli ne. Asibiti za a kai shi a ranar, domin akwai allurar da ke karya dafin cutar kuma da wuri take aiki. Ba ke ce za ki sa ranar dawowarsa ba, ba kuma uwarsa ba, sai ma'aikatan lafiya, kuma su ne za su duba sauran yaran da ku manyan gidan.

Tarin shiƙa shi ne wanda yaro ke jero tari ba numfashi har fuskarsa ta canza, ya ja iska da ƙara, sau da yawa ya ƙare da amai. Ƙaramin jariri ma ba lallai ya yi tarin ba, numfashinsa ne kawai ke ɗaukewa. Mai shi zai dawo bayan kwana biyar da fara maganin da likita ya rubuta. In ba a ba shi magani ba, mako uku ne. Allurar da ake yi a mako 6 da 10 da 14 tana kare yaro daga shi da mashaƙo gaba ɗaya.

Sanƙarau da zafin rani take zuwa: zazzaɓi, sandarewar wuya, amai, barcin da ba a iya tashin yaro, maɗigar jariri ta kumbura. Ita da jijjiga, da ƙin shan nono gaba ɗaya, da numfashin da ƙasan haƙarƙari ke lotsawa ciki, duk ba maganar "a zo a ɗauke shi" ba ce. Ki kira uwa kina kan hanyar asibiti. Yana da kyau ki iya ƙirga numfashi: ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya. Daga 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko daga 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri, ana zargin ciwon huhu.

Yaron da idonsa ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, a kai shi a gwada. In ciwon hanta ne irin wanda ake ɗauka ta abinci da ruwa, sai bayan mako guda da bayyanar shawarar zai dawo.

Fata da ido

Waɗannan ba sa buƙatar dogon zama a gida, magani suke buƙata. Mai ƙazwa zai dawo washegarin ranar da aka shafa masa magani na farko, da sharaɗin an yi wa duk 'yan gidansu, an wanke kayan shimfiɗa an shanya a rana. Ƙaiƙayin kan ci gaba har makonni bayan ƙwayar ta mutu, wannan ba dalilin kora ba ne. Makero na ka maganin sha yake so, shafawa kaɗai ba ta kashe shi, kuma da an fara sai yaro ya dawo, a raba masa mataji da hula. Kwarkwata ba ta kai a kira uwa daga wurin aiki ba, ki faɗa mata a keɓe in ta zo ɗauka. Ƙurajen da ke tsattsafo da ruwa a gefen baki da hanci su yi ɓawo ruwan zuma, a ba su kwana ɗaya zuwa biyu da fara magani, a rufe waɗanda za su rufu.

Ciwon ido kuwa, likitoci da yawa a ƙasashen waje ba sa cewa a mayar da yaro saboda shi. Amma wanda ya ga yadda afolo ke share unguwa guda ya san ba a wasa da shi a ɗakin da yara ke kwana kan katifa ɗaya. Shawarata, muddin ido yana zubar da kwantsa har yana mannewa, ya zauna a gida a kai shi a duba. Kada a ɗiga masa nono ko ruwan sukari ko wani haɗi. Kowane yaro kuma da tsumman goge fuskarsa.

Waɗanda ba a korar yaro saboda su

Mura ita ce ta farko. Ƙaramin yaro kan yi ta sau shida zuwa takwas a shekara, wanda ke cikin yara ma ya fi haka, balle da hunturu. In yana wasa yana ci, ba zazzaɓi, numfashinsa daidai, ki goge masa hanci ki wanke hannunki. Majina ta zama kore ba ta canza hukunci ba. Tarin da ya wuce mako biyu ne ake kaiwa a duba saboda tarin fuka.

Sai waɗanda jahilci ke sa a ƙyamaci yaro a kansu, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta miyau ko ta taɓawa. Sikila gado ce. Asma da kirci ba sa yaɗuwa. Yaro mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ba ya ba wani ta wasa ko cin abinci a kwano ɗaya ko runguma. Abin da ake bukata shi ne duk jinin da ya zuba, na kowane yaro ne, ki sa safar hannu kafin ki taɓa. In uwa ta amince da ke ta faɗa miki irin wannan sirri, amana ce, ba ta zuwa kunnen kowa.

In ciwo ya taso da rana

Ki shimfiɗa masa tabarma a gefe, nesa da sauran amma inda idonki ke kansa. Kada ki rufe shi a ɗaki shi kaɗai. Ki auna zafinsa ki rubuta da lokacin, ki rubuta sau nawa ya yi kashi ko amai, likita zai tambaya. Kada ki ba shi maganin da uwarsa ba ta sani ba, balle ragowar na wani yaro. Da kin kira, ki faɗi abin da kika gani, ba sunan cuta ba: "Maman, ki yi haƙuri na katse miki aiki. Zafinsa ya kai 38.6, ya yi amai sau biyu tun sha ɗaya. Ina ba shi ruwan gishiri da sukari, amma a zo a ɗauke shi cikin awa ɗaya."

Wurin da amai ko kashi ya zuba, ki kwashe da takarda ko tsumman da za ki yar, ki wanke da sabulu, sannan ki zuba ruwan bilic irin su Jik ko Hypo. In an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikin robar, awo ɗaya nasa, awo shida na ruwa. Ki bar shi minti goma kafin ki goge, kada ki gauraya shi da wani sinadarin wanki, ki kuma ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba daga buta, bayan kowane canjin kunzugu da kafin kowane abinci, ya fi duk wani abin da za ki saya a kemis.

Yarjejeniya da kuɗi da gidanki

Ranar da aka fara kawo yaro, ki zaunar da uwar, in da hali har da uban, ki karanta musu sharuɗɗan nan a takarda ɗaya, su riƙe kwafi, ko ki tura musu ta WhatsApp. Ki karɓi lambar mutum biyu da za su iya zuwa in ba a same ta ba, ki tambaye ta tun yanzu wa zai riƙe yaron ranar da ba shi da lafiya: kaka ce, ƙanwa ce, maƙwabciya ce. Ki nemi izininta a rubuce cewa in abu ya yi tsanani za ki kai shi asibiti kafin ta iso. Ki duba katin rigakafinsa da idonki. Wanda ya tsallake allura, a je a cike, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Ni dai ba zan ba ki shawarar haɗa yaron da iyayensa suka ƙi rigakafi da jarirai a ɗaki ɗaya ba, ko nawa za su biya.

Ku gama maganar kuɗi ma a ranar. In kuɗin wata ne, ki bayyana cewa kwana biyu ko uku na jinya ba sa rage shi, domin gurbin yaron yana nan. Amma in ciwo ya kai mako biyu, rangwame kaɗan yana sa uwa ta daina ɓoye miki gaskiya, kuma gaskiyarta ta fi miki wannan kuɗin amfani. Sharaɗin kuma ya hau kan kowa daidai. Ranar da kika karɓi ɗan ƙawarki da gudawa, kin rasa bakin da za ki mayar da na wata.

Ya hau kanki ke ma. In ɗanki ne ya tashi da ƙarambau ko ƙyanda, ko ke ce kike amai da gudawa, ki sanar da iyaye tun da dare ki rufe na kwanakin da suka kamata. In akwai babba a gidan da ke fama da tari sama da mako biyu, yana rama yana gumin dare, a gwada shi, domin yara daga manya suke ɗaukar tarin fuka, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sa'ad da za ki sanar da iyaye wata cuta ta shigo, ki faɗi cutar da alamunta, kada ki faɗi sunan yaron.

In kin ga yara biyu ko uku sun kwanta da alamu iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ko an tabbatar da ƙyanda, mashaƙo, sanƙarau ko kwalara ko da a yaro ɗaya ne, ki je asibitin unguwarku ki faɗa, su za su sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ma tana da lambar kira kyauta, 6232. Ki rubuta ta a bango kusa da lambobin iyaye, tare da sunan asibiti mafi kusa da ke karɓar yara da dare, da lambar mai adaidaita sahu ɗaya da kika san zai ɗaga waya in kin kira.